Yaushe ya dace a ɗauko matashin ɗan besbol zuwa babbar gasa?

Tambaya: Malam, na fara bin gasar besbol ta Amurka, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A ƙwallon ƙafa, idan yaro ya iya, ko shekararsa 17 ana saka shi a wasa. A besbol kuwa sai ka ji ana ta yabon wani matashi, ana cewa babu kamarsa, amma ƙungiyarsa ta ajiye shi a ƙaramar gasa wata da watanni. Yaushe ne ya dace a ɗauko irin wannan yaro, kuma me ake jira?

Amsa: Ɗan'uwa, ra'ayina a kan wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Ya kamata a ɗauko matashi a ranar da ƙaramar gasa ta daina koya masa wani abu, matuƙar akwai gurbin da zai riƙa wasa kullum a babbar ƙungiya, kuma shugabannin ƙungiyar sun shirya jure tuntuɓen da zai yi a makonninsa na farko. Sau da yawa jinkirin da kake gani yana da hujja ta gaskiya, sau da yawa kuma lissafin kuɗi ne kawai aka lulluɓe shi da rigar tarbiyya, kuma aikin mai kallo shi ne ya iya bambance su.

Sai mu fara da abin da ya raba besbol da ƙwallon ƙafa. Babbar gasar, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta waɗanda aka jera hawa-hawa: Single-A, High-A, Double-A, sannan Triple-A wadda ita ce ƙofar babbar gasa. An yi wannan tsani ne domin bugun ƙwallon besbol sana'a ce da ƙarfi da gudu ba su isa su ba mutum ita ba. Tsakanin mai jifa da mai bugu akwai tazarar ƙafa 60 da inci 6, ƙwallon kuma tana iya zuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, saboda haka mai bugu yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya gane ko miƙaƙƙiya ce, ko mai lanƙwasa ce, ko wadda za ta faɗi ƙasa kafin ta iso, sannan ya yanke shawarar kai mata sanda ko ƙyale ta. Wannan idon ba ya samuwa sai da ganin dubban jifa. Shi ya sa gwanin da ake ji da shi ma yakan samu bugu mai kyau sau uku ne kacal cikin goma.

To, ta yaya ake gane cewa yaro ya nuna? Abin da jama'a suka fi kallo shi ne yawan bugun da ya yi da yawan hom-ron, wato ƙwallon da aka buga ta tsallake katangar fili. Waɗannan alƙaluma suna yaudara. Garuruwa irin su Albuquerque da Salt Lake da Reno, inda wasu ƙungiyoyin Triple-A suke, suna kan tudu ne, iskarsu ba ta da nauyi, ƙwallo tana tafiya nesa, har mai bugu na tsaka-tsaki yakan fito kamar gwarzo. Masu aikin suna duban wani abu dabam. Suna duban sau nawa yaron yake kai sanda ga ƙwallon da ta fita daga gurbin jifa, wato wurin da doka ta ƙayyade ƙwallo ta ratsa a gaban mai bugu, da sau nawa yake kuskuren wadda ta shigo cikin gurbin, da yadda yake yi idan aka jefo masa mai lanƙwasa bayan an riga an ci shi sau biyu, saura ɗaya a fitar da shi, da yadda yake yi da mai jifan hagu idan shi ma bahago ne. Abin da ya fi komai a wurina shi ne a ga ya taɓa shiga matsi ya fita. Idan masu jifan Double-A sun gano cewa ba ya iya ƙwallon da ta zo sama kusa da ƙirjinsa, suka yi ta azabtar da shi da ita mako uku, sannan ya gyara tsayuwarsa ya fara hukunta su, wannan yaron ya koyi darasin da ƙaramar gasa take da shi. Wanda bai taɓa faɗuwa ba kuwa, ba a san abin da zai yi ba idan miya ta ƙare.

Akwai kuma tsaron fili. Mai cafke jifa, wanda yake tsugune a bayan mai bugu, shi ne yake tsara wa mai jifa irin ƙwallon da zai jefo, kuma dole ya san raunin kowane mai bugu na abokan hamayya, saboda haka ya fi kowa daɗewa kafin ya nuna. Mai tsaron bayan fili yakan iso da wuri.

Tarihi ya nuna illar gaggawa, kuma babu wanda ake ambata a nan kamar David Clyde. A shekarar 1973 ƙungiyar Texas Rangers ta zaɓe shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa, yana da shekara 18, daga makarantar sakandare a Houston, kuma a ranar 27 ga Yuni, makonni kaɗan bayan ya bar makaranta, ta ɗora shi ya yi jifa a babbar gasa ba tare da ya taka ƙaramar gasa ko sau ɗaya ba. Mutane fiye da 35,000 suka cika filin, abin da ƙungiyar ba ta saba gani ba. Mai ƙungiyar, Bob Short, yana cikin matsin kuɗi, ya ga yaron yana kawo 'yan kallo, sai ya ƙi mayar da shi ƙasa ya koyi sana'a. Clyde ya buga wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1979 yana da shekara 24, da nasara 18 da rashin nasara 33, hannunsa kuma ya lalace. An ɗauko shi ne domin cinikin tikiti, kuma shi ya biya bashin da jikinsa.

Amma kada labarin Clyde ya sa ka ɗauka cewa ƙuruciya ita ce matsalar. A 2018 Juan Soto ya fara kaka a Single-A, ya buga wasa takwas kacal a Double-A, Washington Nationals ta kira shi a watan Mayu yana da shekara 19 saboda raunuka sun yi wa 'yan bayan filinta yawa, kuma tun daga makon farko ya nuna idon da wasu ba sa samu har su yi ritaya. Soto ba ya kai sanda ga ƙwallon banza, kuma wannan ɗabi'a ce da take tafiya da mutum duk inda aka kai shi. Wanda yake da ita babu dalilin a ce sai ya taka kowane matakin tsani.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato kuɗi. A tsarin besbol, ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓen ƙungiyar da yake so sai ya cika shekara shida ta aiki a babbar gasa. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga yarjejeniyar 1976, bayan hukuncin da ya 'yantar da masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, a ƙarshen 1975. A shekaru ukun farko ƙungiya tana biyansa kusan mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance dala 740,000 a 2024, a ukun da suka biyo baya kuma yana iya kai maganar albashinsa gaban mai sasantawa. Shekarar aiki ɗaya kwana 172 ce, alhali kakar wasa takan kai kwana 186 ko 187. Ka ga ƙofar da aka bari a buɗe. Idan ƙungiya ta riƙe yaro a Triple-A mako biyu da 'yan kwanaki a farkon kakarsa ta farko, zai ƙare da kwana 171 ko ƙasa da haka, shekarar ba ta cika ba, kuma ƙungiyar ta samu kaka ta bakwai a kansa, a daidai lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa. Akwai ma mataki na biyu: kashi 22 cikin ɗari na waɗanda suka fi yawan kwanaki a cikin masu shekara biyu zuwa uku suna samun damar zuwa gaban mai sasantawa shekara guda da wuri, saboda haka wasu ƙungiyoyi sukan ja jinkirin har cikin watan Yuni domin kada yaronsu ya faɗa cikin wannan rukuni.

Misalin da kowa ya sani shi ne Kris Bryant. A wasannin share fage na 2015 ya buga hom-ron tara, fiye da kowa a wannan shekarar, amma Chicago Cubs ta tura shi ƙungiyarta ta Triple-A da ke Iowa, ta ce yana buƙatar gyara tsaronsa. Ta kira shi ranar 17 ga Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171, wato saura kwana ɗaya tak. Ya lashe kyautar gwarzon sababbin shiga a wannan shekara, ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin National, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na MLB, a 2016, kuma ya taimaka wa Cubs ta ɗauki kofin da ta rabu da shi tun 1908. Ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙorafi a madadinsa, aka ja maganar har Janairun 2020, mai sasantawa ya yanke hukunci cewa Cubs ba ta karya yarjejeniya ba. Ni dai ban taɓa yarda cewa tsaron mutum yana gyaruwa cikin kwana 12, a daidai ranar da lissafi ya cika ba. Biri ya yi kama da mutum. Kuma yana da kyau ka san ƙarshen labarin: a 2015 Cubs ta ci wasa 97, Pittsburgh ta ci 98, kuma wannan wasa ɗaya ne ya sa aka buga wasan fitar da gwani a Pittsburgh maimakon Chicago, ko da yake Cubs ta yi nasara a can. Kaka ta bakwai da aka sha wannan rigima dominta kuwa, wato 2021, ba ta ƙare ba sai da Cubs ta musanya Bryant zuwa San Francisco a ƙarshen watan Yuli.

Bryant ba shi kaɗai ba ne. Atlanta ta riƙe Ronald Acuña har 25 ga Afrilun 2018. Vladimir Guerrero ƙarami ya buga .381, wato daidai da bugu mai kyau 381 cikin dubu, a ƙananan gasanni a 2018, abin da ba kasafai ake gani ba, amma Toronto ba ta kira shi a watan Satumba ba, sai 26 ga Afrilun 2019. Abin da ya tona asirin dabarar shi ne yadda wasu yara suke "nuna" nan take da zarar sun sa hannu a doguwar kwantiragi. Eloy Jiménez ya karɓi dala miliyan 43 na shekara shida daga Chicago White Sox a watan Maris na 2019 tun bai buga wasa ko ɗaya a babbar gasa ba, kuma da shi aka buɗe kaka. A Fabrairun 2021 shugaban Seattle Mariners, Kevin Mather, ya faɗi a bainar jama'a, a wani taron ƙungiyar Rotary, abin da sauran suke ɓoyewa game da riƙe matasa domin kada kwanakinsu su fara ƙirguwa, har ya ambaci Jarred Kelenic da tayin kwantiragin da ya ƙi karɓa. Kafin watan ya ƙare sai da ya ajiye muƙaminsa.

A nan dole in yi adalci, domin labarin Kelenic yana da fuska biyu. Da aka kira shi ranar 13 ga Mayun 2021, ya shiga wani mummunan yanayi inda ya je bugu sau 39 a jere bai samu ko ɗaya ba, aka mayar da shi Triple-A a watan Yuni. Annobar korona ta sa ba a yi ƙananan gasanni a 2020 ba, saboda haka bai buga wasanni da yawa a manyan matakan tsani ba. Niyyar ƙungiyar ba ta da kyau, amma yaron ma da sauransa. Illar wannan ɗabi'a ke nan da ta fi damuna: idan ƙungiya ta saba fakewa da tarbiyya domin ta tsimi kuɗi, ranar da ta faɗi gaskiya cewa yaro bai shirya ba, babu mai yarda da ita, shi kansa yaron ba zai saurari gyaran da ake yi masa ba, domin ya riga ya ɗauka cewa cutarsa ake yi.

Ga waɗanda suke cewa mako biyu ba komai ba ne, ina tunatar da su Atlanta ta 2010. Ta buɗe kaka da Jason Heyward yana da shekara 20, ya buga hom-ron a zuwansa bugu na farko, ya yi kaka mai kyau, kuma Atlanta ta shiga wasannin ƙarshe da ratar wasa ɗaya a kan San Diego. Ƙungiyar da take neman kofi a bana ba ta da hujjar ajiye gwaninta a Triple-A, a Iowa ko Buffalo, alhali wani wanda bai kai shi ba yana riƙe da gurbinsa. Ƙungiyar da ta san ba za ta je ko'ina ba, lissafinta ya fi sauƙin fahimta, ko da yake har ita ma masu sayen tikiti suna bin ta bashin ta fito da mafi kyawun 'yan wasan da take da su.

Bayan an rufe gasar kwana 99 saboda saɓani tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, yarjejeniyar Maris 2022 ta kawo gyara biyu. Na farko, idan matashin da sunansa ya fito a aƙalla biyu daga cikin jerin gwanaye ɗari na MLB da Baseball America da ESPN ya cika shekarar aiki a kakarsa ta farko, sannan ya lashe kyautar sababbin shiga, ko ya zo cikin ukun farko a kyautar gwarzon ɗan wasa ko ta gwarzon mai jifa kafin ya kai matakin sasanta albashi, ƙungiyarsa za ta samu ƙarin zaɓi guda bayan zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Na biyu, duk wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a kyautar sababbin shiga za a rubuta masa cikakkiyar shekara, ko yaushe aka kira shi. Seattle ɗin da ta ji kunya a 2021 ita ta fara cin moriyar wannan: ta buɗe kakar 2022 da Julio Rodríguez, ya lashe kyautar, ta samu ƙarin zaɓi, ta kuma shiga wasannin ƙarshe karo na farko tun 2001. Baltimore da Arizona sun samu irin wannan a 2023 ta hanyar Gunnar Henderson da Corbin Carroll. Pittsburgh kuwa ta kira mai jifa Paul Skenes ranar 11 ga Mayun 2024, ya lashe kyautar, aka rubuta masa cikakkiyar shekara, ƙungiyar kuma ba ta samu ƙarin zaɓi ba saboda ta makara. Ta yi biyu babu.

Ka lura da wani abu a labarin Henderson da Carroll, domin a ganina shi ne hanya mafi hikima da ake bi yanzu. Dukkansu an kira su a ƙarshen watan Agustan 2022. Ɗan wasa yana ci gaba da zama sabon shiga matuƙar bai wuce zuwa bugu 130 ba, ko zagayen jifa 50 (wasa guda zagaye tara ne), ko kwana 45 a jerin masu wasa. Saboda haka suka ɗanɗana babbar gasa wata guda, suka ga irin jifan da ake yi, suka saba da tafiye-tafiye da 'yan jarida, suka tafi hutu da sanin abin da za su gyara, sannan suka dawo a Afrilu a matsayin sababbin shiga waɗanda ba baƙi ba ne. Wannan tsari ya haɗa amfanin yaro da na ƙungiya a wuri guda, abin da ba a cika samu ba a wannan harka.

Sharaɗin da na ambata tun farko, wato gurbin wasa kullum, shi ne wanda magoya baya suka fi mantawa da shi. Matashin da aka ɗauko aka zaunar a benci, yana samun bugu huɗu a mako, ya fi wanda aka bari a Triple-A asara, domin kwanakinsa suna ƙirguwa, idonsa yana dushewa, kuma duk lokacin da aka kira shi yana jin cewa idan bai yi abin mamaki ba an gama da shi. Idan kocin ƙungiya bai shirya rubuta sunansa a jerin masu farawa sau biyar ko shida a mako ba, gara a bar shi inda yake wasa.

Haƙuri bayan an kira shi ma wani ɓangare ne na shawarar. Willie Mays ya buga .477 a ƙungiyar Triple-A ta Minneapolis a 1951 kafin New York Giants ta kira shi, ya je bugu sau 12 bai samu komai ba, sannan ya buga hom-ron a kan shahararren mai jifa Warren Spahn, ya sake shiga wani matsin har ya fara shakkar kansa. Kocinsa, Leo Durocher, ya tabbatar masa cewa gurbin tsakiyar bayan fili nasa ne ko me ya faru, kuma a ƙarshen kakar shi ne gwarzon sababbin shiga. Mike Trout ya buga .220 a wasa 40 a 2011 yana da shekara 19, ya fara 2012 a Salt Lake, aka sake kiransa a ƙarshen Afrilu, ya zo na biyu a kyautar gwarzon ɗan wasa. Rodríguez kansa bai buga hom-ron ko ɗaya ba a watan Afrilun 2022, Seattle ta ƙi taɓa shi, ya ƙare da 28. Mayar da yaro ƙasa ba abin kunya ba ne idan akwai takamaiman abin da za a gyara. Jackson Holliday ya samu bugu biyu cikin 34 a Afrilun 2024, aka fitar da shi da jifa sau 18, Baltimore ta mayar da shi, kuma wannan shawara ce mai kyau domin matsalar a bayyane take: miƙaƙƙiyar ƙwallon babbar gasa tana wuce shi. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa hawa da sauka da yaro duk mako biyu saboda ihun 'yan kallo, musamman da yake ƙa'ida ta ba ƙungiya shekaru uku ne kawai da za ta iya mayar da ɗan wasa ƙasa ba tare da ta ba sauran ƙungiyoyi damar ɗauke shi ba.

Masu jifa lissafinsu ya ɗan bambanta, kuma a nan na fi karkata ga ɗaukowa da wuri. Gwiwar hannu da kafaɗa ba su da tabbas, kuma jijiya ba ta san bambancin ƙaramar gasa a Indianapolis da babbar gasa a Pittsburgh ba. Duk jifan da aka yi a ƙaramar gasa an cire shi ne daga abin da hannun zai iya bayarwa. Stephen Strasburg ya fara wasa ranar 8 ga Yunin 2010, ya fitar da mutum 14 da jifa a daren farko, kafin kakar ta ƙare kuma jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke aka yi masa tiyata. Idan mai jifa yana iya sa ƙwallo inda yake so, yana da aƙalla nau'in jifa uku da zai iya dogara da su idan ya zagayo kan masu bugu karo na uku, kuma an riga an saba masa da jifa duk bayan kwana biyar, to babu abin da ya rage masa a Triple-A. Abin da ake buƙata shi ne a ƙayyade yawan zagayen da zai yi a shekararsa ta farko gwargwadon abin da ya yi a shekarar da ta gabata, kuma ana iya yin wannan ƙayyadewa a babbar gasa kamar yadda ake yi a ƙarama. Skenes ya yi wasa bakwai a Indianapolis ana ƙara masa yawan jifa sannu a hankali, kuma na fahimci hujjar, domin a jami'a sau ɗaya a mako yake jifa. Duk da haka, mutumin da aka zaɓa ya fara jifa a wasan taurari na watan Yuli wata biyu bayan an kira shi, ya kuma ƙare kakar ana cin sa ƙasa da maki biyu a kowane zagaye tara, ina ganin da an yi masa wannan sabawar a Pittsburgh tun watan Afrilu, da ya fi.